Taga mai ɓullowa da umarnin wucin gadi: yadda masu tsara manhajar rubutu suka sasanta gardamar shekara 50

A watan Mayun 2017, shafin Stack Overflow, inda masu tsara manhajar kwamfuta daga sassan duniya ke kai tambayoyinsu, ya sanar cewa an buɗe wata tambaya guda sau miliyan ɗaya. Tambayar ba ta shafi wani lissafi mai zurfi ba. Mai ita yana neman a gaya masa yadda zai fita daga Vim ne kawai, wato wata daɗaɗɗiyar manhajar rubutu da ake samu a kwamfutoci masu aiki da Linux da makamantansu. Mutum ya shiga, ya ga rubutu a gabansa, ya danna haruffa amma sun ƙi fitowa yadda ya saba, ya nemi ƙofa bai gani ba. Amsar kuwa ba ta wuce maɓallai kaɗan ba: a danna Esc, a rubuta :q sannan a danna Enter.

Abin da ya tsare waɗannan mutane shi ne abin da masana ke kira yanayi. Ana cewa manhaja tana da yanayi idan maɓalli ɗaya yana yin aiki iri-iri gwargwadon halin da manhajar take ciki a lokacin da aka danna shi. Ba sai mai tsara manhaja ne ya san wannan ba. Ma'aikacin da ya buga kalmar sirrinsa sau uku ana ƙin karɓa, sai daga baya ya lura Caps Lock a kunne yake, ya ɗanɗana shi. Akawun da ke aiki da Excel ya san cewa maɓallin kibiya wani lokaci yakan kai shi gidan da ke gaba, wani lokaci kuma yakan motsa ne a cikin lissafin da yake rubutawa, kuma wata 'yar kalma ce a kusurwar hagu ta ƙasa ke nuna wanne ne zai faru. Ɗan kasuwar da ke tura kuɗi da lambar banki mai farawa da tauraro shi ma a cikin yanayi yake tafiya: lamba 1 a shafin farko tana nufin zaɓen irin hidimar da yake so, a shafin ƙarshe kuwa tana iya nufin ya amince kuɗi su fita.

Masu ƙera manhajojin rubutu sun shafe kusan shekara 50 suna gardama a kan wannan al'amari, kuma maslahar da suka fi karkata gare ta a yau ita ce haɗa abubuwa biyu: yanayin umarni da ba ya daɗewa, da ƙaramar taga da ke ɓullowa ta nuna wa mutum inda yake.

Asalin gardamar

Ba don rashin sani aka ƙera kakar Vim, wato vi, da yanayi biyu ba. Bill Joy ya fara rubuta ta a 1976, yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, a kan wata na'ura mai suna ADM-3A wadda ba ta da linzami, ba ta kuma da maɓallan kibiya na daban. Layin wayar da ke haɗa shi da babbar kwamfutar jami'a bai fi ya kawo haruffa 30 a daƙiƙa ba. A irin wannan hali kowace dannawa tana da tsada, don haka ya raba aikin gida biyu. A yanayin shigar da rubutu, haruffa haruffa ne. A yanayin umarni kuwa kowane harafi umarni ne: x ya goge harafi ɗaya, dd ya goge layi, 5dd ya goge layi biyar, h da j da k da l su motsa alamar rubutu hagu da ƙasa da sama da dama, domin a kan waɗannan maɓallai ne aka zana kibiyoyi a na'urar tasa. Wanda hannunsa ya saba yana gudu ƙwarai da wannan tsari, shi ya sa har yau yake da masoya masu yawa, musamman bayan da Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da Vim a 1991 ya kuma ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a watan Agustan 2023.

Sai dai saurin yana da farashi. Akwai labarin da ya shahara game da Bravo, manhajar rubutu da Butler Lampson da Charles Simonyi suka ƙera a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a 1974. Idan mutum ya manta yana yanayin umarni ya buga kalmar edit, sai harafin e ya zaɓi dukkan rubutun, d ya goge shi, i ya buɗe yanayin shigarwa, t kuma ya zauna shi kaɗai a shafin da ya kamata ya ɗauki aikin yini guda. Larry Tesler, wanda ya yi aiki a wannan cibiya, ya ɗauki yaƙi da yanayi a matsayin aikin rayuwarsa, har lambar motarsa ma kalmomi biyu ne masu ma'anar babu yanayi. Shi da Tim Mott suka ƙera manhajar Gypsy, inda duk harafin da aka danna yake fitowa a matsayin harafi, kuma ta nan ne yanka da kwafa da liƙa rubutu suka ɗauki siffar da kowa ya sani yanzu. Word da sauran manhajojin ofis a kan turbar Tesler suke, duk da cewa Simonyi na Bravo ne ya jagoranci ƙera Word ta farko a Microsoft.

Cewa kuskuren yanayi ya wuce ɓacewar takarda, hatsarin jirgin saman kamfanin Air Inter na Faransa ya nuna. A ranar 20 ga Janairun 1992, jirgin ƙirar Airbus A320 da ya taso daga Liyon ya daki dutse a kusa da Strasbourg, mutum 87 cikin 96 suka rasu. Daga cikin bayanan da masu bincike suka fi ba wa ƙarfi akwai cewa matuƙan sun so jirgin ya sauko a kusurwar digiri 3.3, alhali na'urar tana yanayin da ke karanta lambar a matsayin saurin sauka, wato ƙafa 3,300 a minti ɗaya. Mariƙi ɗaya ake murɗawa a yanayin biyu, taga ɗaya ce ke nuna lambar, bambancin 3.3 da 33 kuwa ɗigo ne kawai. Bayan hatsarin an sauya yadda ake nuna saurin sauka ya koma lamba huɗu, ta yadda ido ba zai rikita su ba.

Jef Raskin, wanda ya faro aikin kwamfutar Macintosh a kamfanin Apple a 1979, ya kawo wata mafita a littafinsa The Humane Interface na shekarar 2000. Ya lura cewa mutane suna mantuwa da Caps Lock amma ba sa mantuwa da Shift, domin Shift yatsa ne ke riƙe da shi, da zarar an saki yanayin ya ƙare. Wani gwaji da Abigail Sellen da abokan aikinta suka wallafa a 1992 ya ƙarfafa wannan: masu buga rubutu da aka sa su riƙe yanayi ta hanyar taka wani feda da ƙafa sun yi kuskure ƙasa da waɗanda suka dogara da alamar da ke kan allo kawai. Haka abin yake a wayar hannu idan aka danna harafi aka riƙe, 'yar taga ta ɓullo da danginsa, aka zame yatsa zuwa wanda ake so: tagar tana rayuwa ne muddin yatsa yana kan gilashi.

Amma yatsu goma ne, umarni kuwa dubbai. Emacs, babbar kishiyar vi, wadda ta samo asali a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a 1976, Richard Stallman kuma ya fitar da GNU Emacs a 1985, ta zaɓi a riƙe Ctrl ko Alt a haɗa da harafi. Da haɗe-haɗen suka ƙare sai aka koma jera su: a danna Ctrl da x, sannan Ctrl da s, a adana fayil. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa dannawar farko ita ma yanayi ce, ƙarama mai ran daƙiƙa ɗaya. Manhajar ta tsaya tana jiran maɓalli na biyu, kuma a cikin wannan jira kowane harafi ya sauya ma'ana. Wato Emacs ba ta kashe yanayi ba, gajarta masa rai ta yi, ta bar wa mutum nauyin haddace abin da ke biyo bayan kowane mabuɗi.

Yadda ake gina shi

A cikin Emacs, abin da ke fassara dannawa zuwa aiki ana kiransa taswirar maɓallai, wato jerin da ke cewa maɓalli kaza aikin kaza ne. Taswirorin hawa-hawa suke. Akwai ta gama-gari a can ƙasa, akwai ta irin fayil ɗin da ake aiki a kai, akwai na ƙananan tsare-tsaren da mutum ya kunna. Idan aka danna maɓalli, manhajar takan fara tambaya daga sama ta gangaro, taswirar da ta fara amsawa ita ke da maganar. Yanayin wucin gadi ba komai ba ne illa taswirar da aka ɗora a saman duka na ɗan lokaci, kamar muƙaddashin da aka ba riƙon ofis: muddin yana kan kujera takardu wurinsa suke fara zuwa, abin da bai shafe shi ba ya wuce ga masu shi, kuma dukkan amfanin tsarin ya rataya ne a kan ya sauka idan wa'adinsa ya cika. Umarnin da ke yin wannan ɗori sunansa set-transient-map. Kafin kowane sabon umarni ya gudana, wani ɗan mai gadi yakan duba ko sharaɗin zaman taswirar yana nan, idan ya kau sai ya cire ta.

Misali mafi sauƙi yana cikin Emacs tun asali. Mai son ƙara girman rubutu yakan danna Ctrl da x, sannan Ctrl da alamar tarawa. Daga nan ba ya buƙatar maimaita dogon haɗin: alamar tarawa kaɗai tana ƙara girma, alamar ɗebewa tana ragewa, sifiri yana mayar da shi yadda yake. Da zarar ya danna wani harafi daban, taswirar ta sauka, harafin kuma ya shiga rubutu kamar babu abin da ya faru.

Wurin da aikin yake da wuya shi ne tsara sharaɗin sauka, kuma rubutun Hausa yana ba da misali mai kyau. A ɗauka magatakarda yana buga takardu da allon maɓallan Turanci, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ a kansa, alhali ya san ƙafa daban kafa daban, ƙasa daban kasa daban. Yana iya kiran kowane harafi da lambarsa ta tsarin Unicode, 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, 0199 ga ƙ, 01B4 ga ƴ da ake rubutawa a Nijar, kamar yadda mai aiki da Word ke buga lambar ya danna Alt da x. Amma wannan wahala ce ga mai buga shafi ashirin. Sai ya tsara cewa idan ya danna F8, wata taswira mai gida huɗu ta hau sama: b ya ba da ɓ, d ya ba da ɗ, k ya ba da ƙ, y ya ba da ƴ.

Yanzu sai tambaya: yaushe za ta sauka? Zaɓi na farko shi ne ta sauka bayan dannawa ɗaya. Wannan ba shi da haɗari, sai dai kalmomi irin ɓaɓɓake da ɗaɗɗaya da ƙaƙƙarfa za su sa ya danna F8 sau uku-uku. Zaɓi na biyu shi ne ta zauna muddin ana danna maɓallan da ke cikinta. Wannan ya sauƙaƙa tagwayen haruffa, domin F8 ɗaya ya isa ga ƙƙ, wasalin da ke biyo baya kuma ya sauke taswirar. Amma ranar da ya zo buga ƙyale ko ƙyama ko ƙyalli, sai y ɗin da ke bin ƙ ya tarar da taswirar ba ta sauka ba, kalmar ta fito ƙƴale, kuma zai yi wuya ya lura sai takarda ta isa teburin shugaba. Zaɓi na uku, wanda Emacs ta ba da damarsa, shi ne ya rubuta tsarinsa da kansa: bayan harafin farko, maɓallin da aka danna ɗazu kaɗai ne zai rage a taswirar da ke sama. Layi biyu ko uku ne na umarni, amma samo su yana buƙatar sanin harshen da ake bugawa fiye da sanin kwamfuta.

Oleh Krehel, wanda ya fitar da wata ƙarin manhaja mai suna Hydra a 2015, ya tattara waɗannan zaɓuɓɓuka ya ba su launuka. Sunan daga macijin tatsuniyar Girka ne mai kawuna da yawa, domin mabuɗi ɗaya ne jiki, umarnin da ke biyo baya su ne kawuna. Ja yana nufin yanayin ya zauna bayan kowane umarni nasa, amma baƙon maɓalli ya sauke shi. Shuɗi yana nufin umarni ɗaya a fita. Akwai launin da ke hana baƙon maɓalli aiki gaba ɗaya, sai dai ya yi gargaɗi, akwai kuma wanda ke barin baƙon ya yi aikinsa ba tare da yanayin ya sauka ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi kusa da tarkon Bravo, domin mutum yana iya ci gaba da harkarsa ya manta akwai taswira a sama, sai ya taɓa ɗaya daga cikin maɓallanta. Abin da Hydra ta ƙara mai muhimmanci shi ne 'yar takardar tuni da ke fitowa a ƙasan allo, tana lissafa kawunan da launinsu.

Wanda ya kai tsarin ga balaga shi ne Jonas Bernoulli, ɗan ƙasar Suwizalan, mai kula da Magit. Magit hanya ce ta sarrafa Git daga cikin Emacs, Git kuwa ita ce manhajar da Linus Torvalds ya ƙera a 2005 domin adana tarihin kowane gyara da aka yi wa fayiloli, wadda mafi yawan masu tsara manhaja ke dogara da ita a yau. Umarnin Git sun yi suna wajen yawan sharuɗɗa, kuma wasu sharuɗɗan suna iya shafe aikin abokan aiki idan aka yi sakaci. A Magit, idan aka danna P domin tura aiki zuwa ma'ajiyar da kowa ke amfani da ita, babu abin da ke tafiya tukuna. Taga ce ke ɓullowa a ƙasa mai kashi biyu. A sama akwai sharuɗɗa, waɗanda ake kunnawa da kashewa, wanda aka kunna ya sauya launi, yanayin kuma ya ci gaba da zama. A ƙasa akwai ayyuka, waɗanda danna ɗaya daga cikinsu ke aiwatar da umarnin ya kuma rufe tagar. Maɓallin da ba ya cikin jerin ba ya aiki sai gargaɗi, Ctrl da g kuma yana fitar da mutum ba tare da an yi komai ba. Don haka mai niyyar tura aiki da ƙarfi, ya danne abin da ke can, yana ganin wannan sharaɗi a kunne da idonsa kafin ya danna maɓallin ƙarshe.

Bernoulli ya ware wannan sashe ya mayar da shi manhaja mai zaman kanta mai suna Transient a 2019, aka kuma shigar da ita cikin Emacs kanta daga fitowa ta 28.1 a watan Afrilun 2022. Ta zo da wata dabara da ta dace a yaba: kowane umarni yana da mataki daga 1 zuwa 7, ana nuna har mataki na 4 ga kowa, sauran kuma suna ɓoye sai wanda ya buƙace su ya ɗaga matakin. Sabon shiga ba ya ruɗewa da zaɓi hamsin, ƙwararre kuma ba a tauye shi ba.

Ita kanta tagar

Nuna taga ya fi yadda ake zato wuya. Dole mai tsarawa ya yanke inda za ta zauna, da girmanta, da yadda allo zai koma bayan ta tafi. Emacs ta daɗe da shan suka a nan, domin tagogin taimako da na saƙonni sukan raba allo biyu ko su kori rubutun da mutum ke karantawa. Maganin da aka tanada shi ne wani jerin ƙa'idoji mai suna display-buffer-alist, inda ake cewa duk taga mai suna kaza ta fito a ƙasa, ko a gefen dama, kada ta wuce layi kaza. Kowace taga kuma tana riƙe da bayanin abin da ta tarar, domin idan aka sallame ta da q ta san ko za ta ɓace ne ko za ta mayar da abin da ta rufe. Daga fitowa ta 26 a 2018 aka samu damar ɗora ƙaramar taga a kan rubutu, tana shawagi kusa da alamar rubutu, maimakon ta yanki wani sashe na allo.

Kuskuren da ya fi yawa ga sababbin masu tsarawa shi ne su tanadi rufe tagar a hanya ɗaya kawai, wato idan komai ya tafi daidai. Mutum kuwa yana iya fasawa a tsakiya, ko umarnin ya ci karo da matsala. Idan taswira ta sauka taga ta zauna, allo yana nuna yanayin da babu shi. Idan taga ta rufe taswira ta zauna, wannan ya fi muni, domin an koma gidan jiya: yanayi a ɓoye. Shi ya sa set-transient-map take karɓar wani aiki na musamman da za a gudanar a lokacin sauka ko ta wace hanya aka sauka, kuma a nan ne ya kamata a sa rufe tagar, ta yadda su biyun za su rayu tare su tafi tare.

A ɓangaren Vim, Moolenaar ya tambayi masu rubuta ƙarin manhajoji abin da suka fi buƙata gabanin taron VimConf na 2018 a Tokiyo, taga mai ɓullowa kuma ta fito cikin buƙatu biyu na kan gaba. Ta zo a Vim 8.2 a watan Disamban 2019. Shawarar da ya yanke ita ce a ƙa'ida alamar rubutu ba ta shiga cikin irin wannan taga. Mutum yana nan a cikin fayil ɗinsa, tagar kuwa ana ba ta wani matacin maɓallai: kowace dannawa ta fara biyawa ta wurinsa, ya ce wannan nawa ne ko ya bar ta ta wuce. Ana iya cewa tagar ta rufe bayan wani adadin lokaci, ko da zarar alamar rubutu ta motsa, ana kuma ba kowace lambar da ke nuna wadda za ta hau kan wata idan sun haɗu. Neovim, wadda ta ɓalle daga Vim a 2014, ta riga ta da 'yan watanni a fitowarta ta 0.4, ta kuma bi wata hanya: tagoginta masu shawagi cikakkun tagogi ne da ake iya shiga a yi rubutu a ciki. Wannan ya buɗe ƙofar ƙera abubuwa masu ban sha'awa, irin masu neman fayil da ke nuna abin da ke cikinsa tun kafin a buɗe, amma ya ɗora wa kowane mai tsarawa alhakin tabbatar da cewa mutum ya san a wace taga yatsunsa suke bugawa.

Wannan batu na wa ke karɓar dannawa shi ne ya raba taga mai amfani da mai cutarwa. Mai buga takarda da idonsa ke kan rubutun hannu ba ya ganin tagar da ta ɓullo da kanta. Yana kai ƙarshen layi ya danna Enter, ashe ya amsa tambayar da bai karanta ba. Tagar Magit ba ta da wannan illa domin mutum ne ya kira ta. Wadda ta zo ba gayyata kuwa bai kamata ta ƙwace maɓallai ba. Tallan intanet ne suka fi ɓata wa irin waɗannan tagogi suna, har Ethan Zuckerman, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin na farko a kamfanin Tripod a ƙarshen shekarun 1990, ya fito a mujallar The Atlantic a 2014 ya nemi afuwa. Ko tagar da ke tambayar ko mutum ya tabbata ba ta tsira ba. Raskin ya nuna cewa idan tambaya ta yawaita hannu yakan haddace amsar, ya danna amincewa kafin ido ya karanta, don haka damar janye abin da aka yi ta fi tambayar amfani.

Sanya wa yanayi wa'adin daƙiƙoƙi, wanda Emacs ta ƙara a fitowa ta 29, shi ma yana da fuska biyu. Yana kare wanda aka kira shi daga teburinsa a tsakiyar umarni, kamar yadda hidimar banki ta waya ke yankewa idan an daɗe ba a amsa ba. Amma wanda ya tsaya tunani na ɗan lokaci yana iya danna harafi da zaton yana cikin yanayin, alhali ya riga ya sauka, harafin ya faɗa cikin takarda. Wa'adi ya fi dacewa da inda kuskuren ba shi da tsada.

Masu aiki da Word da Excel suna da irin waɗannan kayan a hannunsu, ko da ba su san sunansu ba. Tun Office 2007, danna Alt kaɗai yana sa ƙananan haruffa su ɓullo a kan kowane umarni da ke saman allo, a bi su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga abin da ake so, Esc kuma ya koma baya mataki ɗaya. Burushin da ke kwafar ƙirar rubutu yana da launukan Hydra biyu: dannawa ɗaya ya yi aiki sau ɗaya ya sauka, dannawa biyu ya zauna har sai an danna Esc, alamar linzami kuma tana ɗauke da hoton burushin muddin yana aiki. A wannan fitowar ce kuma Word ta daina barin maɓallin Insert ya jefa mutum cikin yanayin da sabon rubutu ke cinye tsoho, sai ga wanda ya nemi hakan da kansa, bayan shekaru ana taɓa shi bisa kuskure.

Akwai wata ƙarin manhaja ta Emacs mai suna which-key, wadda Justin Burkett ya fara, aka kuma shigar da ita cikin Emacs 30 a watan Fabrairun 2025. Aikinta ya shafi wancan jira da ke biyo bayan Ctrl da x. Idan mutum ya danna mabuɗin ya ci gaba nan take, ba ta nuna komai, domin ya san hanyarsa. Idan ya yi jinkirin daƙiƙa ɗaya, wanda shi ne wa'adin da ta zo da shi kuma ana iya sauya shi, sai taga ta ɓullo a ƙasan allo da jerin dukkan maɓallan da za su iya biyo baya da aikin kowanne. Yana danna na biyu tagar ta rufe, allo ya koma yadda ya bar shi.